Babu Gurbin Zafi a Fom

Wannan ne karo na uku cikin wata guda da aka kawo Baba Manga ƙaramin asibitin da ke Nukkai. Yashi yake haƙa a kogi, daga hantsi har la'asar. Yau ya faɗi ne da shebur a hannu, abokan aikinsa suka ɗoro shi a keke napep, matarsa Inna Asta tana riƙe da kansa.

Zulfa, ma'aikaciyar jinya, ta soki yatsansa ta ɗiga jinin a kan abin gwajin malariya. Layi ɗaya ya fito, alamar babu, kamar sauran lokutan. Ta duba ɗan fitsarin da ya iya yi a kwalba, ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Ƙafafunsa sun kumbura.

Ta je ofishin Oga Tobiya, shugaban asibitin. Ta tarar da baƙo, Malam Goni daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, yana firfita da fayil.

"Oga, ba malariya ba ce," ta ce a hankali. "Ina jin rana ce ta taɓa masa ƙoda. A ba shi takardar zuwa babban asibiti."

Oga Tobiya bai ɗago kai ba. "Sista, buɗe fom ɗin wata ki nuna min inda aka rubuta rana."

Ta san fom ɗin. Akwai malariya, taifot, gudawa, ƙyanda, sai wani ɗan gurbi a ƙasa na sauran cututtuka.

"A sa shi a sauran."

"In sauran ya wuce biyar, fom zai dawo, a ce ba mu san aiki ba. Wancan watan wa aka kira aka wanke? Ni ko ke? Jiki da zafi, kai na ciwo. Rubuta malariya, ba shi magani."

"Mai malariya kuma ba a tura shi gaba."

"To kin gani."

Malam Goni ya yi dariya. "Ai abin da ya kawo ni ke nan, 'yata. An aiko mana tambayoyi kan sauyin yanayi, wai ko yana kwantar da mutane. Na bi fom na asibitoci goma sha ɗaya, shekara uku. Ko mutum ɗaya zafi bai kayar ba. Abin can ne wajen Turawa, su da ƙanƙararsu ke narkewa. Mu Jalingo da rana aka haife mu."

Zulfa ta juya gare shi. "Ranka ya daɗe, ba za ka gani ba, tunda ba inda za mu rubuta. Masu yashi bakwai na gani tun Maris."

"'Yan jami'a!" in ji Oga Tobiya. "Malam, rubuta babu."

Malam Goni ya rubuta.

Ta koma ɗakin marasa lafiya ta ƙara wa Baba Manga ruwa leda ɗaya. A katinsa ta bar wajen cutar fari. Da Oga Tobiya ya zo zagaye ya ciro biro ya cike da kansa, ya rubuta malariya, ya sa hannu.

Bayan azahar Baba Manga ya iya zama. Zulfa ta tare Inna Asta a baranda.

"Inna, ki kai shi babban asibiti ko ba takarda. Ki ce a duba ƙoda. Kuma kada ya koma kogi."

Inna Asta ta ciro katin daga bakin zaninta. Ba ta karatu, amma ta gane kalmar, don sau uku ke nan tana ganinta a jere.

"Babban ya ce sauro ne. Ke kin ce ƙoda. Wanne zan ji?"

"Ki ji nawa, Inna."

"Ke yaushe kin zo nan? Shi shekara ashirin yana ba mu magani." Ta gyara mayafi. "Useko, na gode, 'yata, kin yi ƙoƙari. Gidan sauro muna da shi, zan ɗaura."

Baba Manga ya fito yana dafa bango, takalmansa a hannu don sun ƙi shiga.

"Sista, kwana nawa maganin?"

"Uku, Baba."

Ya ƙirga a yatsu. "Alhamis ke nan. Madalla. Juma'a tifa biyu za su zo lodi."