Ƙarƙashin Hotonsa

"Fito da hannun nan mu gani," in ji tela.

Mai walda ya ƙara cusa shi a aljihu. Rawa hannun yake yi, har ƙarfen da zai liƙa ya suɓuce masa. Bango ɗaya ya raba ɗakunansu, don haka tela ya san tarin nan da ya dawo.

"Ka koma wa ƙwaya."

"Gajiya ce, maƙwabci."

"Gajiya ce ke rina ido haka? Tashi in raka ka asibitin da suka yi maka magani."

Mai walda ya yi wata busasshiyar dariya, ya nuna bakin titi da haɓa. Ga ƙaton allon da gwamnati ta kafa, da hotonsa yana murmushi, an rubuta: Na daina, kai ma za ka iya. Tun da ya warke bara ake yawo da shi makarantu da gidan rediyo.

"Akwai irinsa a ƙofar asibitin," ya ce. "In bi ta ƙarƙashin hotona in ce musu me? Akwai samarin da saboda ni suka kai kansu."

"To sai ka mutu saboda hoto?"

"Kai dai ji da wandunan mutane."

Tela ya kai wa yayar mai walda maganar. A bakin ƙofa ta tsare shi. "Malam, hassada ba kyau. Yaron da duniya ta shaida ya shiryu?" Tela ya juyo ya koma kan kekensa na ɗinki.

Shagon walda ya koma buɗewa sai rana ta take, daga baya ya daina buɗewa ɗungurungum. Tarin ya koma nishi. Tela yakan tsayar da keken ɗinki ya kasa kunne a bango, in ya ji motsi ya ci gaba da taka keke.

Ran nan da hantsi ya tsayar, bai ji komai ba. Ya buga ƙofa, ya sake bugawa, ya sa kafaɗa. Mai walda na kwance rub da ciki, jikinsa ya yi sanyi.

Tela na ɗinka likkafani a ƙofar gida sai ga motar masu wayar da kai, lasifika na tashi. Direba ya leƙo.

"Ina mutumin namu? Ɗalibai na can suna jira."

Allura na bakin tela. Ya ɗan ɗaga farin ƙyallen. Direba ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa hannu ya kashe lasifikar.