Ɗan Bayan Shinge

A ƙauyen su Domnica, can cikin tsaunukan Bukovina, jaririn da ya mutu kafin a yi masa baftisma ba a sa shi a cikin maƙabarta. A bayan shinge ake haƙa masa rami, ba gicciye, ba suna, kuma ba a ƙara ambatonsa. In an tambayi mace 'ya'yanta nawa, ba ta ƙirga da shi. Haka Domnica ta taso ta gani, haka kuma ta yi da ɗanta na fari, wanda ya zo da buɗaɗɗen rauni a gadon baya ya cika kafin firist, limamin cocinsu, ya iya ratso dusar ƙanƙara.

Bayansa ta haifi Crina, ita kaɗai. Tun Crina tana budurwa farfaɗiya ta kama ta. Domnica ta ɓoye ciwon ƙam, har gari mai nisa take zuwa sayo ƙwayoyin don kada maƙwabta su ji. Maganin ya karɓe ta, ta daina faɗuwa, ta auri Toader mai yankan katako, wanda ya san komai ya ce ya ji ya gani.

Da suka fara maganar haihuwa, Domnica ce ta raka Crina wurin likita a birnin Suceava. Dama ita ke amsa wa 'yarta tambaya ko ba ita aka tambaya ba. Toader kan ce surukarsa ta fi ƙarfin lauya, sai dai alƙali. Likitan ya tambaya ko a danginsu an taɓa haihuwar jariri da buɗaɗɗen baya ko kai. Domnica ta ce ba a taɓa ba. Ko gezau ba ta yi ba, don a wurinta wancan ba a haife shi ba, wucewa ya yi. Likitan ya ce tunda maganin ya riƙe ta, a bar shi haka.

A ganinta ba ƙarya ta yi ba. Ƙarya ce. Al'ada ta hana a kira yaron da suna, ba ta hana a amsa wa likita ba.

Crina ta haifi 'yarta Ilinca da irin raunin nan, a wuri guda. Ungozoma na ɗaga ta Domnica ta gane shi, ta kama bakinta. An yi wa yarinyar aiki ta rayu, ga wayo ga surutu, amma ƙafafun sai da ƙarfen tallafi. Crina ta ɗora laifin a kanta da ƙwayoyinta. Duk safiya sai ta daɗe tana kallon ƙwayar a tafin hannu kafin ta haɗiye. Domnica tana gani, tana tuƙa tuwon masara, ba ta ce komai ba. Tsoronta ɗaya ne: ranar da Crina ta sani, ta rasa ta.

Ilinca ta isa shiga makaranta lokacin da Crina ta so ƙara haihuwa. Wannan karon birnin Iași suka je, su uku, ita da Toader da Domnica, wurin wata likita mai furfura wadda ba ta gaggawa. Ta bayyana musu cewa maganin nan ba ya taɓa kowane ciki daidai. Mata da yawa sun sha sun haifi lafiyayyu. Amma akwai jinin da dama yana da rauni a wurin haɗuwar ƙashin baya, in maganin ya same shi sai ya ƙara tura shi. Inda aka san akwai irin haka a dangi, ana ƙoƙarin sauya magani tun kafin ciki, a ƙara ƙwayoyin kariya.

Crina ta ce su kam ba su da shi. Toader ya yi dariya ya ce nasu dangin ba abin da suka gada sai taurin kai da son giya. Likitar ta juyo wajen Domnica, ta ce, "Uwa, ke fa kin fi su sanin baya."

Domnica ta dubi cikin 'yarta, wanda ba kowa a ciki tukuna. Ta ce, "Akwai ɗaya. Nawa ne. Kafin ke."

Crina ta tambayi likitar ko da an faɗa tun farko, da Ilinca tana gudu yau. Likitar ta ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka. Abin da ta sani kawai, da an yi wani shiri daban.

A mota Toader ya so ya sassauta, ya ce tsohuwa ba da gangan ta yi ba, kowa ya san yadda ake yi a ƙauye. Sai da suka kusa gida Crina ta yi magana, idonta a kan hanya.

"Mama, kina kallona kullum da ƙwayar nan a hannu."

"Ina kallonki."

"Ko sau ɗaya ba ki ji tausayina ba?"

Domnica ta ce tausayin ne ya hana ta. Ita kanta da ta ji maganar a bakinta ta san ba haka ba ne.

Crina ba ta kore ta ba, ba ta ɗaga mata murya ba. An sauya maganin a hankali, da wahala, har Crina ta faɗi a kicin kafin sabon ya zauna. Domnica ta ci gaba da kai Ilinca makaranta, tana gyara mata ɗaurin ƙarfe a bakin ƙofa. Amma duk ranar ganin likita, Crina takan sa rigar sanyinta ta ce, "Mama, ki zauna da yarinyar, ni da Toader mun isa." Labarin cikin Crina na biyu kuwa, a bakin matar firist Domnica ta ji shi.