Ƙwayar Mama

"Wa ya ce a tsayar mata da maganin?" Likitan bai ɗaga murya ba, takardun Mama kawai yake juyawa.

Yaya ta buɗe baki, amma ƙaninta Auta ya riga ta. "Mu ne, likita. A gida muka yanke."

Rufa mata asiri kawai ya yi. Shi ya kai Mama asibitin ido, ya dawo da takarda an rubuta ɓaro-ɓaro: aikin cire yanar ido ba ya zubar da jini sosai, a ci gaba da shan ƙwayar tsinka jini kamar kullum. Yaya ce ta ninke takardar ta cusa a durowar keken ɗinkinta, ta ce a tsayar da ƙwayar. Ita ta yi jinyar Baba lokacin da aka yi masa aikin ciki jini ya ƙi tsayawa, ita ta riƙa wanke zannuwan gadon da hannunta har ranar da ya rasu. Tun daga nan ba mai ja da ita a zancen magani.

"Kai da ko allura ba ka iya kallo, kai za ka koya min jinya?" ta ce masa ranar da ya kawo takardar. Auta, magidanci mai 'ya'ya uku, ya sosa ƙeya ya ƙyale ta.

Mama ba ta gani, da yatsa take ƙirga ƙwayoyinta a tafin hannu. Don kada ta yi ƙorafi, sai Yaya ta riƙa sa mata bitamin mai girma ɗaya a gurbin. Kwana shida kafin aiki, biyu bayansa, wai sai wurin ya kama.

Aiki kuwa ya yi kyau. Da aka cire bandejin, Mama ta ƙare wa Yaya kallo ta ce, "Ke, yaushe kika tsufa haka ba ki gaya min ba?" Suka yi ta dariya har nas ta leƙo. Washegari da hantsi kofi ya suɓuce daga hannun Mama, bakinta ya karkace.

"Zuciyarta ba ta bugawa daidai, shi ya sa aka ɗora ta a kan ƙwayar," in ji likita. "Da aka ɗauke, jini ya yi guda ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Ɓarin dama ya shanye. Magana kuma sai yadda Allah ya yi. Amma tana ji, tana ganewa."

A baranda Auta ya tare Yaya. "Yaya, maganar nan ta mutu a nan. Ba sai ta sani ba."

"Kwana takwas tana haɗiyar ƙarya daga hannuna, tana sa min albarka."

"To in kin faɗa, me zai dawo?"

Ba abin da zai dawo, ta sani. Ga kuma tsoro: in Mama ta kau da kai daga gare ta, ba ta san inda za ta sa ranta ba. Duk da haka ta tura ƙofar.

Mama tana kwance, idon nan sabo fes yana bin ta. Lokacin maganin ido ya yi. Yaya ta ɗauki kwalbar, ta durƙusa a bakin gado.

"Mama, ni ce. Likita ya ce kada a tsayar, ni na tsayar. Bitamin nake ba ki. Auta ya hana ni, na ƙi ji."

Mama ta daɗe tana kallonta. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, ya shige kunne. Sannan ta dubi kwalbar da ke hannun 'yarta, ta ɗaga haɓa da ƙyar, ta buɗe idon sosai tana jira a ɗiga mata.