'Yan Me-ka-ce Sun Zo Aski

Ranar da Dogo ya aske gashin bakin Baba Akawu, fanka tana juyi, rediyo yana ta zuba sharhin ƙwallo, injin askin Yaya kuma yana kuka a kujerar gefe. Baba Akawu tsohon ma'aikacin ofishin ruwa ne, kuma a hannun Dogo yake aski tun kafin ya yi ritaya. Ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya lumshe ido ya ce wani abu. Dogo yana bayansa yana wanke mataji. Abin da ya shigo kunnensa kawai shi ne "gashin baki". Ya ce to.

Ashe cewa tsohon ya yi kada a taɓa gashin baki.

Sai da ɓari ɗaya ya zube a kan ƙyalle sannan Baba Akawu ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon madubi. Gashin nan ya girmi 'ya'yansa duka. Bai yi faɗa ba. Ya ɗaga yatsa ya nuna ɗaya ɓarin a ƙarasa, aka ƙarasa, ya tashi ya fita da tafin hannu a kan leɓe kamar mai ciwon haƙori.

Yaya, wan Dogo kuma mai shagon, ya kashe injinsa ya yi magana mai tsawo. Amma ƙofa yake kallo, ba abin da Dogo yake gani sai ƙeya da motsin muƙamuƙi. Sai ya yi abin da ya saba, ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Yaya ya juyo ya ga murmushin nan, ya yi ƙwafa, ya fice.

Jin Dogo a hankali ya dinga janyewa, na dama ya fara, na hagu ya biyo baya. Matarsa kaɗai ta sani. Ita ta ja shi asibiti aka ba shi na'urar ji, a can kuma wata nas ta gaya masa akwai ƙungiyar masu raunin ji da ke haɗuwa duk Asabar da yamma a wata makarantar firamare. Idan zai tafi taron, yakan ce wa Yaya zai leƙa wani aboki. A shago kuwa na'urar a aljihu take wuni. Idan ya sa ta, kukan injin aski har cikin haƙoransa yake ji. Ga kuma tsoro: wa zai miƙa wuyansa ga mai riƙe da reza wanda ko an ce wash ba zai ji ba?

Ƙungiyar tana da dogon suna, amma su 'Yan Me-ka-ce suke kiran kansu. Sukan ja bencin yara su jera kamar rabin wata, su buɗe tagogi don haske ya faɗo a kan fuskoki. Magogin allo ne izinin magana, wanda yake riƙe da shi kaɗai ke da baki. Malama ce ta kawo wannan doka. Ita ta shugabanci makarantar shekaru da dama kafin kunne ya zaunar da ita a gida, kuma har yanzu idan ta ɗaga gira manyan mutane sukan gyara zama.

Asabar ɗin nan Dogo ya karɓi magogin ya ba da labari, kansa a ƙasa. Malama ta ƙwanƙwasa benci, ta nuna haɓarta, wato ya ɗago fuska a ga bakinsa. Ya ɗago ya sake daga farko. Da ya zo inda tsohon ya fita da hannu a baki, sai Mai Walda, wani ƙato da ƙarar ƙarfe ta cinye wa kunne, ya kife a kan benci yana dukan cinya. Dariya ta bi layi, na ƙarshe sai da aka maimaita masa sannan ya fashe da tasa shi kaɗai.

Dogo ya so ya ji haushi, sai ya ga shi ma yana dariya, har da hawaye. Rabon da ya yi irin wannan dariyar tun kafin jinsa ya fara janyewa.

Gwaggo Tela ta miƙo hannu aka ba ta magogin. Ta ce, "Ɗan nan, naka mai sauƙi ne, gashi yana tsirowa. Ni maƙwabciyata ta shigo ta ce mijinta ya faɗi a babur ya karye. Na ga tana ta nuna ƙafa, na ɗauka takalmi ya saya mata. Na ce kai madalla, Allah ya ƙaro irinsa!"

Da aka natsu, Malama ta karɓi magogin ta dubi Dogo.

"Yayanka ya sani?"

Ya girgiza kai.

"To me yake zaton yana damunka?"

Dogo bai taɓa yi wa kansa wannan tambayar ba.

Malama ta ce, "Mun je shagon Gwaggo mun juya mata keken ɗinki ya fuskanci ƙofa. Mun je garejin wannan ƙaton. Naka ne ya rage. Litinin da safe ba ku da mutane, ko? Za mu zo. Amma kai za ka faɗa masa da bakinka, ba mu ba. Tashi mu gwada."

Aka sa Mai Walda ya zama Yaya. Ya tura ciki gaba, ya harɗe hannuwa, ya ɓata rai kamar an taka masa ƙafa. Dogo ya tsaya a gabansa ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wallahi ba da gangan nake..."

Malama ta buga benci. "Haƙurin me? Sata ka yi? Sake."

Ya sake. Ya yi ta sakewa har maganar ta gajarce ta zauna masa a baki. Mai Walda kuwa ya ji daɗin wasan, kowane zagaye da irin fushin da yake ƙirƙirowa, har ya kori Dogo daga shagon da babu shi, ya kulle ƙofar iska ya jefa makulli a aljihu.

Litinin da hantsi Yaya yana share gashi a ƙasa sai ga baƙi uku a bakin ƙofa: tsohuwa mai tabarau, wata mai tef ɗin awo a wuya, da ƙato riƙe da akwatin kayan aiki. Mai Walda ya yi sallama da muryar da ta sa mai wankin mota na tsallaken titi ya waiwayo.

Yaya ya amsa, ya dubi matan. "Iyaye, nan shagon askin maza ne fa."

Dogo ya je ya kashe rediyo da fanka. Ya ciro na'urar daga aljihu, ya maƙala ta a kunne a gaban wansa. Sannan ya tsaya inda suke fuskantar juna.

"Yaya, ba na ji sosai. An daɗe. Idan za ka yi mini magana, ka dube ni."

Yaya ya tsaya da tsintsiya a hannu. Ya dubi na'urar, ya dubi ƙanensa.

"Kunne?"

"Kunne."

"Kunne ne kawai?"

Ya jingine tsintsiyar, ya laluba kujerar aski ya zauna, ya sauke wani dogon numfashi. Ya fara magana yana kallon ƙasa, Malama ta taɓa masa kafaɗa ta nuna Dogo. Ya ɗago.

"Dogo, na ɗauka gaba kake yi da ni. In kira ka ka share ni. In yi maka faɗa ka yi mini murmushi. Na ce wa matata yaron nan ya gaji da zama a ƙarƙashina, shago yake nema ya buɗe nasa, kunyar faɗa yake ji. Duk Asabar idan ka fita, cewa nake ka tafi duba wuri." Ya shafa fuska. "Har na je wurin Inna na ce ta tambaye ka laifin da na yi maka. Ta ce in bar ka, ƙuruciya ce."

"Ni da furfura a gemu?"

"Haka na ce mata!"

Suka yi dariya su biyun, irin wadda ba su yi tare ba tun bara. Yaya ya miƙe ya kama kunnen ƙanensa a hankali yana leƙa na'urar, kamar yadda yake duba masa ƙurji suna yara. "Sakarai," ya ce. Wannan kam Dogo ya ji ta sarai.

Daga nan aiki ya tashi. Malama ta zauna a kujerar Dogo ta ce ya tsaya inda yakan tsaya. Madubin ya yi sama, goshinta kawai yake gani. Mai Walda ya kwance shi ya sauko da shi, ya ɗan karkato shi, har bakin mai zama ya fito fili ga wanda ke tsaye a baya. Ƙwan lantarkin da ke bayan kujera aka mayar da shi saman madubi. Rediyo ya koma can kusurwar Yaya, kusa da ƙofa. Gwaggo Tela ta auna wuyan ƙyallen aski ta ce za ta rage masa tsawo, don hannun mutum ya samu fitowa ya yi nuni.

Malama ta ce wa Dogo, "Kafin ka kunna inji, ka zagayo gaba, ku gama magana ido da ido. Ka maimaita abin da ya ce. Sannan ka rage na'urarka ka yi aikinka." Ta juya ga Yaya. "Kai kuma ban da ihu. Ihu yana murɗe baki, ba ma gane komai. In bai ji ba, ka canza kalma."

Yaya ya ce, "To, Malama," kamar ɗan aji uku.

Ana cikin haka Baba Akawu ya leƙo. Kullum yakan zo ya karanta jarida a bencin shagon, amma tun ranar ba a gan shi ba. Ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki. Ya tsaya a ƙofa ya yi magana, takunkumin yana motsi.

Dogo ya matsa gaba. "Baba, ba na ji sosai, bakin mutum nake kallo. Shi ya sa ranar nan ban ji kada ɗinka ba. Don Allah ka sauke wannan in ga abin da kake cewa."

Tsohon ya dubi baƙin ɗaya bayan ɗaya. Ya ja takunkumin ƙasa a hankali. Leɓen ya fara yin toka-toka da sabon gashi.

"Cewa na yi jikata ta ƙi yarda in ɗauke ta, wai ba ni ba ne." Ya harari Dogo. "Da ka faɗa mini tun farko, ai da hannu zan riƙe abina."

Gwaggo Tela ta ce, "Ni dai na fi ganin bakinka a haka. Masu gashin baki wahalar da mu suke yi, magana a bayan labule."

Baba Akawu bai mayar da takunkumin ba. Ya zauna a bencinsa ya buɗe jarida. Can ya sauke ta, ya jira har Dogo ya dube shi, ya ce, "Wani satin zan zo gyaran ƙeya. Ƙeya kawai."

"Ƙeya kawai, Baba."

Mai Walda ya ce shi ba zai tafi ba sai an gwada madubin a kansa. Ya cika kujerar dam. Dogo ya zagayo gabansa, suka yi yarjejeniya da baki da yatsu, sannan ya koma baya ya kunna inji. Yana cikin aski ya ɗaga ido, ya ga bakin ƙaton a madubi yana cewa a bar masa gefen kunne. Ya gane sarai, ya gyaɗa kai.

Yaya ya raka su Malama har bakin titi. Dogo yana hango shi ta ƙofa, ya tsaya a gabanta sosai, yana magana a hankali yana nuna kansa. Da ya dawo ya zagayo ta gaban kujera, ya jira injin ya tsaya.

"Ta ce 'yan uwa ma suna zuwa taron naku. Asabar sai mu rufe da wuri."

Da la'asar mutane suka fara cika benci. Kowa ya zauna, Dogo yakan zagayo gabansa ya faɗi maganarsa. Wani saurayi ya ce, "Au, to," ya nuna tsayin da yake so da yatsu biyu. Wani ya ce babarsa ma haka take fama, ya tambayi inda ake taron. Mutum ɗaya ne ya ce zai jira kujerar Yaya, Dogo ya ce bismillah, ya kira na bayansa.

Da aka tashi rufewa, Yaya ya sauke ƙofar ƙarfe, suka taka tare zuwa tashar mota. Yaya ya koma ta gefen hagun Dogo, kunnen da ya fi dama-dama, yana ba shi labarin rikicin da ake yi da mai gidan haya, yana juyo da fuska duk bayan 'yan taku. Dogo bai kama duka ba. Inda ya ɓace masa yakan ce, "Me ka ce, Yaya?" Yaya kuma ya sake faɗa.