Aron Lambar Dayi

'Yar na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho ta sake yin kukanta irin na gyare, sannan ta yi shiru. Naja'atu ta cire tabarau ta murje idanu. A ofishin ƙungiyar manoma da ke Funtua, ita ke kula da suna da lambar sirrin da kwamfutar kowane reshe ke shigowa da su. Yau kwamfutar reshen Dayi ta shigo sau biyu tana neman irin masara, ta Gozaki kuwa ko leƙowa ba ta yi ba. Ga ruwan shuka ya sauka, motar iri na shirin tashi, kuma reshen da bai bayyana ba babu rabonsa.

Ta buga wa Ɗanasabe, mai kula da reshen Gozaki.

"Malam Ɗanasabe, kun fasa shuka bana ne?"

"Haba Hajiya, ai tun da hantsi muka aiko."

"Da wane suna?"

Ya ɗan yi tari. "Lambarmu ce ta ƙi ci, wai wa'adinta ya cika. Shi ne na hau babur zuwa Dayi, Abubakar mai kula da reshensu ya ara mini tasu."

"Ya ara maka."

"To mene ne? Shanun huɗarsa ma yana ara mini. Kuma ina gamawa na ce masa na mayar."

Dokar ofis ita ce duk lambar da ta fita hannun mai ita a rufe ta, reshen ya jira bincike. In ta bi dokar, Dayi ma ta rasa iri ke nan. Ta leƙa taga, direba har ya fara ɗaure tamfol. Ta yi ajiyar zuciya, ta canza wa Dayi lamba, ta buɗe wa Gozaki sabuwa, ta mayar da buƙata ta biyu kan sunan masu ita.

"Saurara in faɗa maka sabuwa. Taku ce ku kaɗai, ba garma ba ce."

Tana faɗa yana maimaitawa da ƙarfi, kamar mai biya karatu. Can ta ji wata murya a bayansa tana cewa, "Na ƙarshen bakwai ne ko takwas?"

"Wane ne wannan?"

"Mutumin reshen Tsiga ne, Hajiya. Tasu ma ta ƙi ci tun jiya."

Naja'atu ta ɗaga wa direba hannu ya dakata, ta mayar da tabarau.

"Miƙa masa tarhon," ta ce.