Ranar da Tayar Gaba Ta Cije

Dabo ya shigo kasuwar Baure yana tura kekensa, tayar gaba tana jan ƙasa tana barin layi a yashi. In ta ga dama ta juya, in ta ga dama ta cije. Akwai filasta a goshinsa, gwiwarsa kuma tana masa zugi tun shekaranjiya da keken ya kayar da shi a hanyar gona.

Bai yi nisa ba babur ya sha gabansa. Saminu ne, babban ɗansa, mai sana'ar awaki.

"Baba, ai mun gama magana. Duk inda za ka, zan sa a kai ka."

"Kai ka gama. Ni ban ce komai ba."

"Jiri ne ya ɗebe ka, Baba. Shekaru ne. Da mota ce ke tahowa fa?"

"Ba jiri ba ne, taya ce ta cije. Ni da gonata, sai na jira wani ya gama shan shayi kafin in ga gerona?"

Mutane sun fara kallonsu. Saminu ya rage murya. "To, in aka duba keken aka ce lafiyarsa lau, za ka haƙura da hawa?"

"Zan haƙura. In kuma keken ne, ka fita harkata."

Saminu ya ce bari ya leƙa wajen awakinsa ya dawo. Dabo ya wuce shagon Sylvanus, mai sayar da kayan keke da babur, wanda ya zo garin daga kudu yana saurayi, yau kansa ya yi fari fat. A hannunsa Dabo ya sayi keken nan.

Suka kifa shi a kan sirdi. Sylvanus ya saki birki, ya duba ko madigadi ne ke gogar taya. Ba su ba ne. Ya sa sifana ya kwance tayar, ya murza ƙarfen da ya ratsa cibiyarta da yatsu biyu. Ƙarfen ya juya da kyar, kamar an zuba tsakuwa a ciki, sannan ya tsaya cak.

"Taɓa ka ji, Malam Dabo."

Da suka buɗe cibiyar, giris ɗin ciki ya bushe ya koma baƙar ƙasa. 'Ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da tayar ke juyawa a kansu, suka zubo a tafin Sylvanus, wasu sun yi tsatsa, wasu sun farfashe. Dabo ya yi dariya har filastar goshinsa ta ɗaga.

"Ajiye min su. Wanda ya ce jiri ne zai gani da idonsa."

Dabo da kansa ya wanke cibiyar da kananzir, ya goge da tsumma. Sylvanus ya cika ta da sabon giris, ya jera sababbin boris, ya ɗaure noti yana sassautawa, har ƙarfen ya riƙa juyawa sumul ba tare da yana rawa ba. Duk tsawon wannan aiki, Sylvanus bai taya Dabo dariya ba.

"Malam Dabo, wannan ba ɓarnar kwana ɗaya ba ce. Tayar nan ta daɗe tana kuka. Kasuwar da ta wuce, tun daga bakin masallaci nake jin ƙararta. Na yi ta ƙwala maka kira, ba ka waiwayo ba."

Dabo ya tsaya da tsumma a hannu. Bai ji wata ƙara ba, bai ji kira ba. Ya tuna yadda matarsa Adama ke maimaita masa magana kwanan nan, yana cewa ita ce ba ta buɗe baki.

"Za ka gaya wa Saminu?"

"Abin da ya tambaya zan amsa. Ni ma nawa 'ya'yan sun ce in rufe shago in koma gida, wai idona ya yi rauni. Ga ni nan."

Da Saminu ya dawo, Sylvanus ya buɗe masa tafin hannu.

"Ko kai ne a kai, sai ta kayar da kai."

Saminu ya jujjuya fasassun ƙarafan da ɗan yatsa.

Da aka mayar da tayar aka miƙar da keken, Dabo ya ɗaga gabansa ya kaɗa ta. Ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen da ke riƙe da ita, ya rufe ido, ya daɗe a haka. Babu gargada ko kaɗan. Ya ƙudurta cewa daga yau kullum da safe haka zai yi kafin ya hau, tunda hannunsa dai bai daina ji ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya haye keken duk da ciwon gwiwar, ya taka feda.

"Baba, ka bi gefen hanya," in ji Saminu da ƙarfi.

Dabo bai juyo ba. Ya ratsa tsakanin masu rake da masu kwanuka, bayansa a miƙe.

Saminu ya dubi Sylvanus. "Ka ga halin nasa ko? Yana jina sarai."

Sylvanus ya ci gaba da goge giris daga yatsunsa.