Gayaunar Suhaibu

Audi ya jingine kekensa a jikin katangar sakandaren ƙauyensu da ke gefen Baure, ya leƙa ta inda ginin ya zube. Ɗansa Suhaibu ya hango a tsakiyar fili, shi kaɗai cikin rana, yana saran gindin wani ɗan gawo da fartanya. Can a inuwa wani malami na zaune yana latsa waya.

Fartanyar ya fara ganewa kafin yaron. Shi ya kai wa maƙeri aikinta, shi ya feƙe ƙotar, lokacin da aka ce kowane sabon ɗalibi ya zo da fartanya da tsintsiya. Ranar har fariya ya yi wa matarsa Shatu, wai ashe boko ya yi hankali, za a koya wa yara noma. Suhaibu ne kaɗai namiji a gidan, shi kuwa Audi bayansa ya fara ƙin sunkuyo. Gonar da ya gada ba ta da mai jiranta sai wannan yaron.

Ya shiga ya yi sallama.

"Malam, darasin noma ake yi?"

"A'a Baba, horo ne. Makara ya yi."

"Ai ni na tsayar da shi, ya ɗebo wa tumaki ruwa."

"Doka ce. Wanda ya makara, fartanya. Wanda ya yi surutu a aji, fartanya. Bulala ta daina yi musu komai, fartanya kaɗai suke tsoro."

"To shi gawon fa, shi ma makarar ya yi?"

Malamin ya yi dariya ya koma kan wayarsa.

Ta tagar ajin da ke kusa muryoyin yara suka tashi gaba ɗaya, suna maimaita abin da malamar aikin gona ke faɗa: gawo yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, itace yana hana zaizaya, kada a ƙone kara a gona. Audi ya leƙa. A kan allo an zana fartanya da alli, an yi mata kibiyoyi da sunaye na Turanci, zanen ma ba laifi. Malamar, Zubaida, ta fito ta gaishe shi da ladabi. Ya tambaye ta ina sauran fartanyun yaran suke.

"Suna sito, Baba. Makullin yana hannun malamin horo. Na nemi a ba ni bayan ajin nan mu yi lambu da ramin taki, aka ce in bari, wurin horo ne."

Audi ya gyaɗa kai. Ransa ya ɓaci, amma bai san wa zai kama da faɗa ba. Yana tura kekensa ya ji ɗan gawon ya faɗi.

*

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Juma'a. Washegari da hantsi Audi ya ce Suhaibu ya biyo shi gona. Shatu ta dama musu fura, tana tsokanar ɗanta wai yau zai zama magidanci.

Suka wuce gawon da kakan Audi ya bari, suka tsaya a kusurwar gabas, inda Audi ya kwashe rani yana jibge takin tumaki. A nan mahaifinsa ya yanka masa gayaunarsa, 'yar gonar da uba ke ba ɗa ya noma don kansa, kuma har yau yana tuna yadda ya kasa cin abinci ranar don murna. Ya kwance ƙullin irin gero daga bakin rigarsa, ya ajiye a kan kunya. Sannan ya sauke sabuwar fartanya daga kafaɗa, ya miƙa wa yaron da hannu biyu.

"Daga nan zuwa kalgon can, naka ne."

Suhaibu ya dubi filin, ya dubi fartanyar. Ya mayar da hannayensa baya, kamar yadda ake tsayawa a gaban malami, idanunsa suka ciko.

"Baba, me na yi?"

Audi ya tsaya da fartanyar a miƙe. A ƙasa kuwa tururuwa sun gano ƙullin irin, sun fara ja.